Aman Jini da Baƙin Bahaya: Ko Yanayin Shekara Yana da Hannu a Ciki?

Akwai wata tambaya da jama'a suka daɗe suna yi wa ma'aikatan lafiya a birni da ƙauye, ita ce kuwa: shin sanyin hunturu, ko zafin bazara, ko damshin damina, suna iya sa mutum ya yi aman jini ko baƙin bahaya? Masu tambayar ba da wasa suke yi ba. Galibi wani nasu ne abin ya sama a tsakiyar ɗari, ko kuwa ana cikin huɗar gona, sai suka haɗa lokacin da cutar, suka ce wannan ne ya jawo wancan. A kan wannan tambaya jawabin nan zai tsaya.

An ɗauki garin Shabu don ya zama misali. Shabu yana arewa da Lafiya kaɗan, a kan hanyar da ta nufi Nasarawa Eggon da Akwanga, cikin Jihar Nasarawa. Garin manoma ne a bakin babbar hanya, ga shi kuma a tsakiyar ƙasa, inda ake shan ƙurar arewa da ruwan kudu duka biyu. Saboda haka abin da za a faɗa game da shi, mutumin Funtuwa ko na Maraɗun, har ma da Bahaushen da ke zaune a Sabo ta Ibadan, kowa zai ga nasa a ciki.

INDA JININ KE FITOWA

Abinci idan ya bar baki yakan bi wata hanya mai kama da tiyo, wadda ta sauka daga maƙogwaro zuwa tumbi, daga tumbi kuma ya wuce farkon ƙaramin hanji. Waɗannan wurare uku su ne sashen sama na hanyar abinci. Idan jijiya ta ɓalle a ɗayansu, jinin yakan nemi mafita ta sama ko ta ƙasa. In ya fito ta baki nan da nan, za a gan shi ja wur, wani lokaci da gudaji. In ya ɗan jima a tumbi, ruwan tsamin da ke narkar da abinci yakan dafa shi, ya fito ƙasa-ƙasa kamar tukar gahawa. In kuwa ya bi ta ƙasa, sai bahaya ya zama baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, mai wani irin ɗoyi wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Jinin da bai wuce rabin ƙaramin kofin shayi ba ya isa ya baƙanta bahaya.

Baligi yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Idan ya zubar da lita guda, sai jiri ya riƙa ɗibarsa in ya miƙe tsaye, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gumi mai sanyi ya keto, ƙishirwa ta dame shi. Abin tsoro a nan shi ne, jinin da aka gani a kwano ba shi ne duk jinin da ya zuba ba, gama wani yana can kwance a hanji bai fito ba tukuna. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki isassu, wajen mutum 1 cikin 10 na waɗanda aka kwantar saboda wannan zubar jini yakan rasa ransa.

Ya kamata kuma a san abubuwan da ke kama da shi. Mai shan ƙwayar ƙarin jini, kamar yadda ake ba mata masu juna biyu, bahayarsa takan yi duhu, amma ba ta danƙo ko ɗoyin nan. Wanda ya sha zoɓo ya yi amai, ja zai gani. Jinin da ke fitowa da tari, mai kumfa, daga huhu yake, shi ma na asibiti ne, amma tarin fuka za a fara nema. A lokacin hunturu kuwa, da cikin hanci ke bushewa ya tsage, yaro yakan yi haɓo da dare ya haɗiye jinin, gari ya waye ya amayar da shi. Wannan kam aikin yanayi ne tsantsa. Duk da haka ba aikin mutanen gida ba ne su yanke hukunci cewa haɓo ne. Ma'aikacin lafiya ne zai duba ya faɗa.

TUSHEN CUTAR

Manyan musabbabai biyu ne. Na farko gyambon ciki, wanda yanzu aka fi kira olsa. A da an ɗauka yunwa ce da yaji da yawan tunani kaɗai ke kawo shi. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a bangon tumbi, ana ce mata Helicobacter pylori, suka kuma nuna ita ce bayan mafi yawan gyambon. A kan wannan aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar nan tun mutum yana yaro take shigarsa, ta ruwa ko abinci marar tsabta, ta zauna shekara da shekaru. Wani bincike da aka yi a ƙasar Barno, aka buga a 1992, ya nuna fiye da mutum 8 cikin 10 suna ɗauke da ita, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu take yi wa gyambo. Abokin tafiyarta wajen ɓarna kuwa shi ne maganin kashe zafin ciwo, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam. Waɗannan sukan raunana majinar da ke kare bangon tumbi daga ruwan tsaminsa, asfirin kuma ya hana jini saurin daskarewa.

Na biyu ciwon hanta ne. Jinin da ya taso daga hanji da saifa tilas ya ratsa ta hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta ƙandare, sai hanyar ta toshe, jinin ya nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke gindin hanyar abinci. Su kuwa ba a yi su don ɗaukar wannan kaya ba, sai su kumbura, fatarsu ta yi siriri, wata rana su fashe. Irin wannan aman jinin shi ne mai zuwa ba sallama, ya cika kwano, sau da yawa ba tare da ciwon ciki ba. A ƙasashen Turai gyambo ne kan gaba, amma rahotannin asibitocin koyarwa na arewacin ƙasar nan, kamar na Kano da Maiduguri, sun nuna fashewar jijiyoyin nan ce ta fi yawa cikin waɗanda aka leƙa cikinsu. Ban da waɗannan biyu akwai ƙujewar bangon tumbi, da tsagewar gindin hanyar abinci saboda yunƙurin amai mai tsanani, da kuma ciwon daji.

ABIN DA AKA GANI A ƘASASHEN SANYI

Tun da daɗewa littattafan likitancin Turai suka ce gyambon ciki yana da lokutan da yake tashi cikin shekara. Daga baya aka shiga ƙidaya. A Faransa an duba lissafin ƙasa baki ɗaya na waɗanda jijiyoyin nan suka fashe musu, aka buga sakamakon a 2001, aka ga kwanciya asibiti da mace-mace sun fi yawa a lokacin sanyi, suna raguwa in zafi ya shigo. A wannan shekarar kuma wasu likitocin Japan suka ba da labari cewa aman jinin gyambon tumbi yakan ƙaru in sanyi ya sauka, ya ragu da zafi. Amma akwai asibitocin da suka yi irin wannan ƙidaya ba su ga wani bambanci tsakanin watanni ba. Inda ma aka ga bambancin, ƙari ne a kan abin da ke faruwa kullum. Babu watan da asibiti ke hutawa da masu aman jini.

Masana sun kawo dalilai. Idan sanyi ya bugi mutum, jijiyoyin fatarsa sukan tsuke don riƙe ɗumi, jini ya koma ciki, matsinsa ya hau. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne, amma ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka kumbura yana iya zama ƙarashen aiki. Sauran dalilan kuwa na halin mutane ne. Da sanyi mura ke yawa, ciwon gaɓoɓin tsofaffi ke tashi, saboda haka ake yawan shan maganin kashe zafi, da sanyi kuma masu shan giya ke ƙara sha.

Akwai wani darasi daga Japan ɗin dai. Ran 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta rushe birnin Kobe. A makonnin da suka biyo baya likitoci suka ga masu gyambon tumbi mai zubar da jini sun ƙaru ƙwarai, musamman tsofaffi, idan aka gwada da watannin nan na shekarar da ta gabata. Lokacin sanyi ne a shekarun biyu. Abin da ya bambanta shi ne tashin hankali da rashin barci da rashin matsuguni. Watau ba duk abin da ya faru cikin sanyi ne sanyi ya kawo shi ba.

Sa'an nan kada a ɗauko sakamakon Faransa a aza wa Shabu kai tsaye. Sanyin da ake magana a can, na daskarar da ruwa ne. A ƙasar Lafiya kuwa, ko a tsakiyar hunturu da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, kafin azahar ma rana ta buɗe. Mutanen Jos da na Kano sun fi su jin ɗari, amma su ma ba su kai can ba. Saboda haka ƙarfin da sanyi kansa yake da shi a nan ƙarami ne. Inda yanayi ke da babban hannu shi ne ta abin da yake sa mutane su yi, da cututtukan da yake tahowa da su, da kuma halin da yake jefa hanya.

SHEKARA GUDA A SHABU

A wannan yanki ruwa yakan sauka wajen watan Afrilu, ya ɗauke wajen Oktoba. Da saukarsa manomi ya shiga aiki mafi nauyi na shekara. Wanda ya taɓa tara ƙasar doya da garma tun hantsi har la'asar ya san abin da ƙugu da kafaɗa ke faɗi da dare. Gobe kuma aiki na jira, ga kuɗin ƙwadago ya yi tsada. Sai a biya wurin mai kemis, ko mai tallar magani a faranti ran kasuwa, a ce a ba da na ciwon jiki. Shi kuwa ya ƙulla haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar, masu launi daban-daban, babu suna babu kwali. Ba abin mamaki ba ne a sami iri biyu ko uku na magungunan da aka ambata a ƙulli guda, har da irin ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda in ta haɗu da su haɗarin ke ninkuwa. Garin maganin ciwon kai da ake sayarwa cikin 'yar takarda, wanda ake kaɗawa a ruwa, shi ma yawancinsa asfirin ne. A sha da asuba ciki wayam, a saɓa garma a tafi. Mako biyu ko uku ana haka, in akwai tsohon gyambo a kwance, an tashe shi ke nan.

Damina kuma ita ce lokacin sauro. Zazzaɓin cizon sauro yakan kawo ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, a sake komawa ga ƙwayoyin nan, mai zazzaɓi kuwa ba ya cin abinci. In amai ya tsananta, yunƙurin kaɗai yana iya tsaga gindin hanyar abinci, a ga aman farko ba jini, na uku ko na huɗu da jini. Ga zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, muddin ba a wuce ƙa'ida ba. Mai ciwon hanta kuwa ko shi sai da shawarar likita.

Da kaka ta yi, an cire doya, an yanke shinkafa, an kaɗe riɗi, an fasa agushi, kuɗi ya shigo hannu. Lokacin bukukuwa ke nan, har zuwa ƙarshen shekara. Ga waɗanda ke shan burkutu ko ogogoro ko giyar kwalba, a nan sha ke yawa. Giya tana ƙuje bangon tumbi a ranar da aka sha ta, tana kuma cin hanta a hankali cikin shekaru. Mutumin da hantarsa ta riga ta taɓu, ya kwana uku yana sha a wurin biki, sa'an nan ya yi aman jini da asubar hunturu, 'yan'uwa za su ce sanyi ne ya shige shi, wasu ma su ce an ba shi wani abu a abinci. Zargin sammu ya raba zumunta da yawa a kan abin da na'urar asibiti za ta nuna cikin minti goma. Taba ita ma tana hana gyambo warkewa, ko da wane lokaci aka sha ta.

Hunturu ya fi taɓa tsofaffi. Gwiwa ta riƙe, baya ya ƙage, ɗa mai son iyayensa ya aiko da kwalin magani daga birni, tsoho ya riƙa sha safe da yamma har wata biyu. Wanda ya haura shekara 60 shi ya fi kowa shiga haɗari da waɗannan ƙwayoyi, sau da yawa kuma gyambonsa ba ya ciwo, sai dai a ga yana ramewa, idonsa ya yi fari, bahayarsa ta yi baƙi. Amma a lura: wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin ko maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya koma wurin likitan ya gaya masa abin da ya gani.

Bazara kuwa tata ɓarnar ba a ganinta sai bayan shekaru. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35 a wannan yanki, yara su bazama rafi da kududdufi da bakin madatsar ruwa. A irin ruwan nan ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya ke zama, tsutsar kuwa ta fata take shiga. Tsargiya iri biyu ce. Wadda aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini. Ɗayar ta hanji ce, ƙwayayenta sukan maƙale a hanta, su toshe hanyar jini sannu a hankali, saifa ta kumbura. Yaron da ya yi wanka yana ɗan shekara 10 yana iya yin aman jini yana ɗan shekara 30, ba wanda zai tuna da rafin. Tun 1999 Cibiyar Carter ta shiga taimaka wa jihohin Filato da Nasarawa wajen raba ƙwayar praziquantel don kashe wannan tsutsa. Duk lokacin da aka kawo ta makaranta, bai kamata uba ya hana ɗansa sha ba.

Haka nan ciwon hanta nau'in B da C, su ba ruwansu da wata ko yanayi, amma su ne ke haƙa ramin da mutum ke faɗawa daga baya. Ƙidayar da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 ta nuna wajen mutum 8 cikin 100 na baligai suna ɗauke da nau'in B. Ana ɗaukarsa wajen haihuwa, da ta aska ko allura ko reza da aka yi tarayya a kai, da ta jini da saduwa. An sa rigakafinsa cikin alluran yara tun 2004, ta farko kuwa cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Nau'in C yanzu yana da magani mai warkarwa, Jihar Nasarawa ma ta ƙaddamar da shirin kawar da shi a 2020. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suka yi fumfuna, su ma suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta.

ZAZZAƁI BIYU MASU BIN LOKACI

Akwai wuri guda da za a ce lalle lokaci ne ke kawo zubar jini, watau wajen zazzaɓin Lassa da na shawara. An fara gane zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, a farkon 1970 kuma ya ɓarke a wani asibiti a Jos. Ɓera ne ke ɗauke da shi, ta fitsarinsa da kashinsa. Ya fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ake ƙona daji, ɓeraye su gudo gida, ga rumbu cike, ga rogo an shanya a bakin titi ya kwana a buɗe. Yawancin waɗanda suka kamu ba su jin jiki sosai, amma wanda ya tsananta masa yana iya zubar da jini ta baki da hanci da bahaya. Zazzaɓin shawara kuwa sauro ne ke yaɗa shi, ya fi tashi a ƙarshen damina da farkon kaka. Yakan sa ido ya yi rawaya, a yi baƙin amai. Ya yi ɓarna a ƙasar Jos a 1969, ya kuma yi a Oju ta Jihar Binuwai a 1986. Allura guda ta rigakafi tana tsare mutum har iyakar ransa, ana yi wa yara ita a wata 9.

Saboda haka idan aman jini ya zo bayan kwanaki ana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, kada mai jinya ya taɓa aman ko jinin da hannu tsirara. Ya sa safar hannu, in babu ya sa leda, ya wanke hannu da sabulu, ya kuma gaya wa ma'aikatan asibiti labarin zazzaɓin tun daga bakin ƙofa, domin su ma su tsare kansu.

AZUMI

Watan Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, har ya zagaye yanayi duka cikin wajen shekara 33. A 2000 cikin hunturu aka yi shi, a 2013 a tsakiyar damina, a 2024 kuma cikin zafin bazara. Likitoci a ƙasashe irin su Turkiyya sun lura cewa matsalolin gyambon ciki sukan ƙaru a watan ga waɗanda dama suke da gyambon. Mai lafiya azumi ba ya yi masa gyambo. Amma wanda ya san yana da shi, ko ya taɓa aman jini, ko hantarsa ta taɓu, ya kamata ya ga likita tun watan Sha'aban, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa magani a lokacin sahur ya wadatar. Inda likita ya ce akwai haɗari, malamai sun san sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya, sai a tambaye su. Abin da ya fi muni shi ne a buɗe baki da ƙwayar ciwon kai kafin abinci ya shiga. Wannan shawara ta shafi Kiristoci masu azumi kafin Ista, da masu azumin farkon shekara.

IN ABIN YA FARU

A kwantar da majiyyaci a kan gefensa, don kada aman ya koma masa huhu. Kada a ba shi kome ta baki. Madara ba ta tsayar da jini, kanwa ba ta tsayar da shi, jiƙo da tsimi sai dai su ƙara tayar da amai. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗawa wai don mayar da jini ba su mayar da ko cokali guda a ranar. A nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne, ko da aman ya tsaya, domin yakan tsaya ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. A tafi da duk kwalaye da ƙullin magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba. In akwai waya mai hoto a ɗauki hoton abin da ya amayar.

Mutumin cikin garin Shabu ya yi sa'a, gama kwalta ce ɗoɗar zuwa Lafiya, inda asibitin da jama'a suka sani da sunan Dalhatu Araf yake. Akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, da asibitin koyarwa na Jos. Amma na ƙauyukan da ke bayan rafi, a watan Agusta ko Satumba, tafiyar rabin awa tana iya zama ta rabin yini. A nan damina takan kashe wanda da rani zai tsira. Don haka mutumin irin wannan ƙauye da ya ga baƙin bahaya da safe, kada ya ce bari ya ga yadda za a kwana. Ya fito tun rafi bai kawo ba, tun yana iya zama a kan babur.

A asibiti za a fara da ƙarin ruwa, a auna jini, in ya yi ƙasa a ƙara masa. A tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yakan mayar da shi. Za a yi allurar rage tsamin tumbi, irin su omeprazole. Sa'an nan akwai na'urar leƙa ciki, siririyar tiyo mai fitila a baki, wadda ake zurawa ta maƙogwaro, an fi so a yi cikin awa 24. Da ita likita ke ganin inda jinin ke fita, ya ƙone bakin jijiyar ko ya matse ta, in kuwa kumburarrun jijiyoyi ne ya ɗaure su da 'yan ƙananan robobi. Inda babu na'urar, sai a nemi takardar turawa zuwa inda take da zarar majiyyaci ya iya tafiya.

Bayan sallama akwai sauran aiki. Mai gyambo a gwada shi ko yana da ƙwayar Helicobacter. In tana nan, maganinta na kwana 14 ne, haɗin masu kashe ƙwayoyin cuta da mai rage tsami, tilas kuma a shanye shi duka ko da ciwo ya lafa a kwana na uku. Wanda aka kashe wa ƙwayar, ya kuma bar magungunan kashe zafin nan, da wuya gyambonsa ya sake zubar da jini. Mai ciwon hanta kuwa, jijiyoyin da aka ɗaure sukan sake kumbura, saboda haka akan ba shi ƙwaya irin propranolol ta kullum don rage matsin jinin, a kuma sa masa ranar komawa a sake leƙawa. Giya ta haramta gare shi ɗungum, haka ma haɗin kemis. Matarsa da 'ya'yansa su je a gwada jininsu, wanda ba ya ɗauke da nau'in B a yi masa rigakafi. In ranar komawarsa ta faɗo cikin tsakiyar damina, shi kuwa gidansa na bayan rafi, ya faɗa wa likita tun a ranar sallama, a matso masa da ita, a kuma ba shi maganin da zai kai shi har ruwa ya janye.